Jirage 185 ko 60? Yadda ake tantance lissafin yaƙin sama

Ranar Lahadi 15 ga Satumba, 1940, Jamus ta aika ɗaruruwan jiragen yaƙi don su yi wa birnin Landan ruwan bama-bamai, matuƙan Birtaniya kuma suka tashi suka tare su. Washegari jaridun Ingila suka fito da babban kanu: an kakkaɓo jiragen Jamus 185. Bayan yaƙi, da takardun rundunar saman Jamus suka faɗa hannun Birtaniya, sai aka ga abin da aka rasa ran nan bai wuce 60 ba. To ina sauran 125 ɗin suka shiga? Ƙarya matuƙan suka yi?

Galibinsu ba ƙarya suka yi ba. Matuƙin Spitfire ko Hurricane yana da harsashin da bai wuce na daƙiƙa 15 zuwa 16 na harbi ba, yana gudun ɗaruruwan kilomita a awa, kuma idan ya tsaya kallon inda abokin gaba ya faɗi, wani zai zagayo masa ta baya. Ya yi harbi, ya ga hayaƙi, ya ga jirgin ya sunkuya ƙasa, shi ke nan a wurinsa ya gama da shi. Alhali matuƙan Messerschmitt sun saba yin nutso da gangan don tsira, kuma injin kan fitar da baƙin hayaƙi idan aka ba shi wuta sosai.

Babbar matsalar ita ce jirgi ɗaya, maharba da yawa. A wannan rana wani jirgin Dornier ya samu matsalar inji, ya rabu da tawagarsa, sai matuƙan Birtaniya suka yi masa taron dangi. A ƙarshe Sajan Ray Holmes ya banke shi da nasa Hurricane ɗin, tarkacen ya faɗo a tashar jirgin ƙasa ta Victoria. Matuƙa da dama daga runduna daban-daban sun koma sansani kowa ya rubuta cewa shi ya harbo shi. Kowa da gaskiyarsa, amma dai jirgi ɗaya ne ya faɗi.

Aikin mai bincike shi ne ya jera takardun ɓangarori biyu kafaɗa da kafaɗa. A gidan adana takardu na ƙasa da ke Kew, a Landan, akwai rahoton da kowane matuƙi ya bayar bayan saukarsa, da kundin ayyukan kowace runduna. A ɓangaren Jamus kuwa akwai jerin asarar da rundunoni ke aika wa ofishin kula da kayan yaƙi. Wannan jerin ya fi sanarwar rediyo abin dogaro, saboda da shi ake neman sabon jirgi da sabon matuƙi. Kwamandan da ya ɓoye asararsa, kansa ya cuta.

Daga nan sai a bi lokaci, wuri, da irin jirgi, ɗaya bayan ɗaya. Nan ma akwai tarko. A daminar 1940 agogon Jamus yana gaba da na Ingila da awa guda, wanda ya manta da wannan zai haɗa faɗan da bai haɗu ba. Jamusawa kuma suna rubuta lalacewar jirgi da kashi cikin ɗari: daga kashi 60 zuwa sama an daina amfani da shi, ƙasa da haka gyara ake yi. Jirgin da ya lallaɓa ya koma Faransa, ya kife wajen sauka, an harbo shi ne ko hatsari ya yi? Irin wannan ne ya sa wasu ke cewa 60, masanin tarihi Alfred Price kuma ya ƙirga 56. Wani lokaci ƙasa ce ke ba da shaida: a 2004 an tono injin jirgin Holmes a ƙarƙashin titi, kusa da inda Dornier ɗin ya faɗi.

A 1947 gwamnatin Birtaniya ta amince cewa jimillar jiragen Jamus da aka rasa a duk wannan yaƙin na sama 1,733 ne, maimakon kusan 2,700 da aka sanar a lokacin.

Wani zai ce, tunda an yi nasara, mene ne na damuwa da lissafi? Abin da ya samu Jamusawa ya isa amsa. Su ma matuƙansu suna ƙara lissafi, jami'an leƙen asirinsu kuma suka ɗauke shi yadda ya zo, har suka tabbatar wa shugabanninsu cewa rundunar saman Birtaniya ta kusa ƙarewa. A kan wannan zato aka tura jirage Landan da rana tsaka, sai suka tarar da mayaƙan da aka ce sun ƙare suna jiransu a sama. Kwana biyu bayan haka, ranar 17 ga Satumba, Hitila ya ɗage shirin mamaye Ingila, kuma shirin bai sake tashi ba.