Zauren Ƙwallon Kwando na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

A harabar Samaru ne ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), wadda aka buɗe a 1962, ke da zauren da suke buga ƙwallon kwando da ƙwallon raga a ƙarƙashin rufi. Wasannin biyu a cikin ɗaki aka haife su. James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a Springfield ta Amurka a 1891 don ɗalibai su motsa jiki lokacin da tsananin sanyi ya hana fita, William Morgan kuma ya fito da ƙwallon raga a Holyoke a 1895. A Zariya, abin da rufi ke tarewa shi ne ruwan damina da iskar hunturu, wadda kan kautar da ƙwallon raga tun tana sama.

Masu ba da labarin wurin kan fara da gini, amma sunan da Zariya ta yi a ƙwallon kwando ya fi alaƙa da filayen siminti na waje da kuma mutum guda: Oliver B. Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira Koci OBJ. Ya yi shekaru masu yawa a ABU yana horarwa, bai kuma taƙaita ga ɗalibai ba. Yaran gari da 'ya'yan ma'aikata duk sun ratsa hannunsa.

Cikinsu akwai Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13. Daga nan ya tafi karatu da wasa a Amurka, ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, ya koma Toronto Raptors a 2013, ƙungiyar da ta ɗauki kofin NBA a 2019 a ƙarƙashin jagorancinsa. Tun 2003 ya kafa Giants of Africa da ke shirya wa matasa sansanin horo, kuma bai daina ambaton Johnson a matsayin malaminsa ba. Wannan zamani na Johnson ne ya fi cancantar a adana tarihinsa tun shaidunsa na raye.

Ƙwallon raga kuwa ta fi fitowa fili a gasar jami'o'in Najeriya, NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966. ABU ta karɓi baƙuncinta fiye da sau ɗaya, har da ta 2001.