Sake gina wuri daga hotuna: yadda kwamfuta ke gane tsawo da faɗi da zurfi

Sake gina wuri daga hotuna wani reshe ne na ilimin kwamfuta da ke nazarin yadda na'ura za ta ɗauki hotuna shimfiɗaɗɗu ta fitar da siffar abin da ke cikinsu da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, abin da ake kira 3D a taƙaice. Abin na iya zama ɗaki, ko masallaci, ko unguwa guda. Idan aikin ya kammala, mutum zai iya juya ginin a fuskar kwamfuta, ya duba shi ta kowace kusurwa, ya kuma auna bangonsa ba tare da ya je wurin ba.

Matsalar da ake son warwarewa

Hoto yana zubar da abu ɗaya: nisa. Ƙaramin abu da ke kusa da babban abu da ke nesa suna iya fitowa daidai wa daida a hoto. Mutum yana gane bambancin ne saboda yana da ido biyu, da tazarar kusan santimita 6 tsakaninsu. Wanda ya miƙa yatsa a gabansa, ya rufe ido ɗaya sannan ya rufe ɗayan, zai ga yatsan ya gusa, amma bishiyar da ke can nesa kusan ba ta motsa ba. Gwargwadon kusancin abu, gwargwadon gusawarsa. Wannan shi ne tushen fannin: idan an ɗauki abu ɗaya daga wurare biyu ko fiye, ana iya lissafa nisansa.

Taƙaitaccen tarihi

Awo da hoto, wanda ake kira photogrammétrie da Faransanci, ya girmi kwamfuta. A tsakiyar ƙarni na 19 wani hafsan sojan Faransa, Aimé Laussedat, ya fara zana taswira daga hotuna, yayin da Bajamushe Albrecht Meydenbauer ya riƙa auna tsofaffin gine-gine ta wannan hanya. Duk da hannu ake lissafin a lokacin.

A shekarar 1963 Lawrence Roberts ya gabatar da kundin digirinsa na uku a jami'ar MIT ta Amurka, inda ya sa kwamfuta ta gane siffar ƴan tubala daga hoto. A 1981 Christopher Longuet-Higgins na Ingila ya nuna cewa ɗigo 8 da suka bayyana a hotuna biyu sun isa a lissafa matsayin kyamara ɗaya dangane da ɗayar. Daga 1999 zuwa 2004 David Lowe ya fito da dabarar SIFT, wadda ke bai wa kwamfuta damar gane tabo ɗaya a hotuna daban-daban ko da girmansa ko karkatarsa ta sauya.

Daga nan aikin ya bunƙasa. A 2009 masu bincike a Jami'ar Washington sun kwaso hotunan birnin Rum kimanin 150,000 da ƴan yawon buɗe ido suka zuba a shafin Flickr, suka sake gina manyan wuraren tarihin birnin cikin ƙasa da awa 24, ta hanyar haɗa kwamfutoci masu yawa.

Yadda aikin ke gudana

Da farko ana zagaya abin ana ɗaukar hotuna, kowane hoto ya rufe fiye da rabin abin da na bayansa ya ɗauka. Sai manhaja ta tsinto alamomi a kowane hoto, kamar kusurwar taga ko tsaga a bango, ta nemo takwarorinsu a sauran hotunan. Daga nan ta lissafa inda kyamara take a lokacin kowane ɗauka, da inda kowace alama take. Abin da ke fitowa taron ɗige-ɗige ne masu yawa, kowane ɗigo da matsayinsa da launinsa. A ƙarshe ake haɗa ɗigon su zama bango da rufi da daɓe. Manhajar COLMAP, wadda ta shahara tun 2016, kyauta ce, kuma masu bincike da yawa da ita suke wannan aiki.

Akwai hanya ta biyu, ta hasken leza, mai suna LiDAR. Na'urar tana harba haske ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Ta fi hoto daidaito, amma ta fi tsada.

Shigowar ƙirƙirarriyar basira

A 2020 aka fito da NeRF, aikin masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da kamfanin Google. A nan kwamfuta ce ke koyon launi da kaurin kowane gurbi na wurin, har ta iya nuna shi daga kusurwar da ba a taɓa ɗauka ba. Hoton yana da kyau ƙwarai, sai dai aikin yana da nawa. A 2023 ayarin George Drettakis na cibiyar Inria da ke Sophia Antipolis a kudancin Faransa, tare da abokan aiki a Jamus, ya kawo wata dabara da ke wakiltar wuri da ƙananan dunƙule-dunƙule masu launi har miliyoyi. Da ita ana zagaya wurin a fuskar kwamfuta nan take.

Amfaninsa

Motoci masu tuƙa kansu da jirage marasa matuƙi suna dogara da fannin don gane hanya. Na'urorin Spirit da Opportunity da suka sauka a duniyar Mas a 2004 sun yi amfani da kyamara bibbiyu wajen auna tafiyarsu. Masu safiyo da masu haƙar ma'adinai ma suna amfani da shi.

Misalin da ya fi shahara shi ne majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris. Shekaru kafin gobarar 15 ga Afrilun 2019, masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya auna ta da leza, ya tara ɗigo fiye da miliyar ɗaya, wato miliyan dubu. Ya rasu a 2018, amma awon nasa na cikin abin da masana suka koma gare shi kafin a sake buɗe ginin a Disambar 2024. A Afirka, shirin Zamani na Jami'ar Kef Tawun, ƙarƙashin Heinz Rüther, ya auna wurare da dama, ciki har da babban masallacin Jenne da na Jingarai Ber a Tumbutu.

Iyakarsa

Bango mai sumul marar tabo, da gilashi, da ruwa, duk suna rikita kwamfuta, domin ba ta samun alamar da za ta riƙe. Hoto kaɗai ba ya faɗin ainihin girma, sai an saka ma'auni ko wani abu da aka san tsawonsa. Sannan kyan hoto daban, ingancin awo daban: sababbin manhajoji suna iya cike gurbin da ba su gani ba da hasashe, kuma magini ba zai yi gini a kan hasashe ba.

Babbar iyakar ita ce abin da ba a ɗauka ba, ba za a iya auna shi ba. Wannan ya shafi yankin Sahel kai tsaye, inda gine-ginen tarihi na ƙasa ne. A Satumbar 2024 mamakon ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27, wadda ke cikin tsohon garin da UNESCO ta saka a jerin kayan tarihin duniya a 2013, ita ma ta ƙasa ce. Ginin ƙasa mai zane da azara da tabon hannun masu yaɓe ya fi bangon siminti mai santsi sauƙin ganewa ga kwamfuta. Kayan aikin farko ba su wuce wayar salula mai kyamara mai kyau, da ma'auni, da izinin masu wurin ba. Awon ba zai maye gurbin ilimin magina ba, amma zai bar musu shaidar yadda bango yake kafin ya faɗi.