Tekun da aka kwashe wa kifi: tarihin Grand Banks

A gabashin Kanada, daura da tsibirin Newfoundland, akwai wani faffaɗan tudu a ƙarƙashin teku da ake kira Grand Banks, inda ruwan sanyi daga arewa ke gamuwa da na ɗumi daga kudu. Nan ne gidan kifin kod, irin busasshen kifin nan mai taurin itace da ake kawowa kasuwanninmu daga Norway. Kafin ɗan Adam ya sa masa hannu, shi ke mulkin wurin, ƙananan kifi da ƙaguwa da jatanlande duk abincinsa ne.

A 1497 da John Cabot ya isa can, mutanensa sun koma Ingila da labarin cewa kwando kawai za ka ɗaura wa dutse ka zura, ka jawo shi cike da kifi. Fiye da shekara 400 masuntan Fotugal, Faransa, Sifen da Ingila suna kamu da ƙugiya, su barbaɗa gishiri su shanya, tekun bai gaza ba.

Sai a shekarun 1950 manyan jirage suka zo, suna jan koma a ƙasan teku tana share komai, a feɗe kifin a daskarar da shi a cikin jirgin, ba dare ba rana. A 1968 kaɗai an kwashi kusan tan 810,000. A 1977 Kanada ta kori jiragen baƙi zuwa mil 200 daga gaɓarta, amma sai ta zuba nata.

Abin da ya fi ƙona min rai, ƙananan masuntan bakin gaɓa sun yi ta kuka cewa kifin na ƙanƙancewa, tarunsu na dawowa babu nauyi. Ba a saurare su ba, don manyan jirage na cika. Ashe ragowar kifin ne ke dunƙulewa wuri guda, na'ura na nuna wa jirage inda suke.

Ranar 2 ga Yuli 1992 ministan kamun kifi na Kanada, John Crosbie, ya haramta kamun kod, mutum kusan 30,000 suka rasa abin yi. Da kod ya kau, ƙaguwa da jatanlande suka mamaye ruwan. An ce dakatarwar ta shekara biyu ce. Sai a 2024 aka sake buɗewa, da izinin tan 18,000 kacal.