ModemManager da libmm-glib0: yadda ake girka su, da hatsarin da ke cikin cire su

ModemManager manhaja ce da ke haɗa kwamfuta mai aiki da Linux da modem ɗin salula, wato ƴar na'urar nan mai kama da kilen USB da ake saka wa layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecoms. Ta wurinta ake shigar da lambar PIN, ita ke nemo rezo, ta auna ƙarfinsa, ta buɗe hanyar intanet. Fasalinta na 1.0 ya fito a 2013. A Debian da Ubuntu tana tafiya da wani ƙaramin ƙunshi mai suna libmm-glib0, irin wanda masu Faransanci ke ce wa bibliothèque. Ba shi da taga, ba a ganinsa a allo. Aikinsa kawai shi ne ba sauran manhajoji hanyar yin magana da ModemManager.

A birnin Diffa, mai nisan sama da kilomita 1,300 daga Yamai, da garuruwan bakin Komadugu irin su Gueskérou da Bosso, sau da yawa layin salula shi ne kaɗai hanyar intanet ga ɗalibi, malamin asibiti ko ɗan kasuwar tattasai. Shi ya sa kuskure a wannan ƙunshi ya fi tsada a nan.

Girkawa ba wuya. Yawancin kwamfutocin Ubuntu ma suna zuwa da shi. In babu, sai a buɗe tagar umarni, wato terminal, a rubuta sudo apt update, sannan sudo apt install modemmanager usb-modeswitch. Manhajar apt, mai kula da ƙunsoshin kwamfutar, za ta jawo libmm-glib0 da kanta. Amfanin usb-modeswitch shi ne, modem da yawa in an soka su sai su bayyana kamar faifan CD, ita ke juya su su koma modem. Umarnin mmcli -L yana nuna ko kwamfutar ta gane na'urar.

Mazauna bakin kogi su duba saitin yawo a rezon waje, domin kusa da iyaka layi kan kama rezon Najeriya, kuɗi kuma su tafi ba a sani ba.

A wurin cirewa ne ake tuntuɓe. Wasu na son kawar da ModemManager saboda tana leƙa na'urorin da aka soka a USB, har ta dami allon Arduino ko manhajar tura saƙon SMS irin Gammu. In an rubuta sudo apt remove modemmanager, modem zai daina aiki amma wifi da igiya na nan. Sa purge a madadin remove yana share har da fayilolin saiti.

Cire libmm-glib0 kuwa wani abu ne daban. NetworkManager, mai riƙe da dukkan hanyoyin intanet na kwamfutar, ta dogara da shi, haka ma tagar saituna ta GNOME. Duk wanda ya ce apt ta cire shi, za ta tafi da su gaba ɗaya. Tana nuna jerin sunayensu kafin ta nemi amincewa, sai dai mutane kaɗan ne ke tsayawa su karanta. Daga nan babu wifi, babu modem, kuma apt ɗin da za ta maido da su ita ma sai da intanet take aiki.

Dabarar da ta fi ita ce a bar ƙunshin a wurinsa, a dakatar da manhajar kawai da sudo systemctl disable --now ModemManager. Ranar da aka bukace ta, sai a sa enable a gurbin disable. Mai son ganin abin da cirewa za ta haifar kuma ya rubuta apt -s remove libmm-glib0: gwaji ne, ba ya taɓa komai.

In aikin gama ya gama, fayil ɗin /var/log/apt/history.log na ɗauke da sunan duk abin da aka cire. Sai a nemi wata kwamfuta mai intanet, mai fasalin Ubuntu iri ɗaya da wadda ta lalace, a sauko da kowannensu da apt download, a kwaso su a kile, a girka da sudo dpkg -i *.deb. In fasalin ya bambanta, ko da tsakanin 22.04 da 24.04 ne, dpkg na iya ƙin karɓarsu.