Yadda Kamfanoni Ke Hasashen Kuɗin Ƙira

Shin ko kun taɓa tambayar kanku yadda kamfani ke yanke farashin kaya ɗari alhali ɗaya kacal ya ƙera? In ya tsawwala, ciniki ya kuɓuce masa, in kuma ya karya farashi, ya tafka asara.

Tarihin wannan lissafi dai ya faro ne a Amurka a shekarar 1936, lokacin da wani injiniyan jiragen sama, Theodore Wright, ya lura cewa duk sa'ad da adadin jiragen da aka ƙera ya ninka, matsakaicin lokacin aikin kowane jirgi kan ragu da kimanin kashi 20 cikin 100. Ga misali: in jirgin farko ya ci awa 1,000, idan aka ƙera 2 matsakaicin zai koma awa 800, a 4 ya zama 640, a 8 kuma 512. Dalili kuwa shi ne hannun ma'aikata na daɗa faɗawa, kurakurai na raguwa. Da haka akanta zai ƙiyasta ladan aiki tun kafin a fara.

Yaƙin duniya na biyu ya tabbatar da hakan. Daga 1941 zuwa 1945 Amurka ta ƙera jiragen ruwan dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710. Na farko ya ɗauki kwana 244, amma daga baya matsakaicin ya sauko zuwa wajen kwana 42.

To sai dai kuma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kamfanin Lockheed ya ƙera jirgin fasinja TriStar guda 250, ya kuma dakatar da shi a 1984 bisa asara. Wani bincike da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa da aikin ya ja baya, ƙwarewar da aka tara ta riƙa zubewa, lokacin aiki ya sake hawa. Ashe yadda masana'anta ke koyo, haka take mantuwa.

Saboda haka in za ku yi irin wannan ƙiyasi, ku duba ko aikin zai ɗore ba yankewa, kuma ko ƙwararrun ma'aikata za su zauna.

A nan za mu dasa aya. A huta lafiya.