Kujerar Edita da Makomar Littattafan Labarin Zane: Nazari daga Nyohini ta Tamale

Tsakure

Wannan maƙala ta auna rawar edita a harkar littattafan labarin zane, ta hanyar kwatanta tarihin kamfanin Marvel da na gidan ɗab'in Zariya. Ta nuna cewa rashin kujerar edita mai ɗorewa shi ne babban abin da ya hana irin wannan adabi yin saiwa a Hausa, musamman a zangunan arewacin Gana.

Gabatarwa

A Nyohini, kamar sauran unguwannin Tamale, Dagbani ne harshen gida, Hausa kuwa ana jin ta a kasuwa da tasha da zango. Sai dai ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana take buga littattafai da su. Yaron da ya tashi da Hausa a baki, in ya so karanta labari mai zane, yawanci Turanci zai tarar. Wasu kan ɗora laifin a kan ƙyamar hoto ta fuskar addini. Wannan hujja ba ta gamsar ba, domin jama'ar nan ce ta rungumi finafinan Kano da fastocinsu hannu bibbiyu.

Abin da edita yake yi

Stan Lee ya riƙe editan Marvel daga 1941 zuwa 1972, in ban da shekarun da ya yi a soja. Tsarinsa shi ne a tattauna gundarin labari, mai zane kamar Jack Kirby ya shimfiɗa shi shafi-shafi, sannan Lee ya sa maganganun bakin taurari. Aiki ya yi sauri, amma sunan edita ya danne na mai zane, har sai a 2014 iyalan Kirby suka sasanta da kamfanin. Jim Shooter, wanda ya hau kujerar a 1978, ya tsananta wajen fitar da mujallu a kan lokaci, ya kuma kawo tsarin ba marubuta da masu zane kaso daga ciniki. An sauke shi a 1987 bayan ya ɓata da da yawa daga cikinsu.

Darasin Zariya

Hausa ta taɓa samun irin wannan kujera. Rupert East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. East ba ya tsayawa ga gyaran baƙi da wasali. Yakan zauna da marubuci su tsara zubin labari, har sunansa ya fito tare da na John Tafida a kan Jiki Magayi. Nan ma tambayar da ta dabaibaye Marvel tana nan: ina aikin edita ya tsaya, ina na mai labari ya fara?

Amma akwai inda East ya yi abin da ya kamata a yaba. Ya jawo Abubakar Imam zuwa Zariya suka yi aikin Magana Jari Ce, littafin da ya fito da zane-zane a cikinsa, kuma da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 Imam ne ya zama editanta na Hausa. Wato an reni magaji. Daga nan aka sami Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar adabi ta NORLA wadda ta rufe a 1959, sai kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. A ganin wannan nazari, da wannan ake auna gadon edita: wa ya bari a kan kujera.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980, marubuci shi ne mai bugawa, shi ne mai kai wa 'yan kasuwa. Ƙagaggen labari ya jure wa hakan. Labarin zane ba zai jure ba, don yana bukatar marubuci da mai zane da mai launi, da wanda zai tsaya a kansu su cika alkawarin fitowa kowane wata.

A kudancin Gana da Najeriya an gane haka. Kamfanin Leti Arts ya kafu a Akara a 2009, na Comic Republic a Legas a 2013. Marubuci Roye Okupe ya gina labarin zanensa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, amma da Turanci ya rubuta, kuma abin takaici ne a ce yaran Zariya da na zangon Tamale ba su same ta da harshensu ba.

Shawara

Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa da ke Tamale, wadda aka kafa a 1992, da Jami'ar Ahmadu Bello mai tsohon sashen koyar da zane, suna da abin da ake bukata. Ya dace su haɗa hannu su kafa mujallar labarin zane ta Hausa da Dagbani, su naɗa edita mai albashi da mataimakin da zai gaje shi, kuma a rubuta haƙƙin mai zane a takarda tun kafin fitowar farko.