Ida'un Nusukh: Yadda Malam Abdullahi Gwandu Ya Taskace Sunayen Malamansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, sanannen abu ne cewa ilimi da ɗariƙa duk da silsila ake karɓar su, baki da baki, hannu da hannu. Idan sunan malami guda ya faɗi, to igiyar ta tsinke. Magabatanmu na Ƙadiriyya sun fahimci haka, shi ya sa suka ɗauki alƙalami.

A shekarar 1812, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukh, inda ya jero shaihunnan da ya yi karatu a gabansu da littattafan da ya sauke. Ya fara da mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, wanda ya biya masa Alƙur'ani. Sannan ya ambaci yayansa, Shehu Usmanu Mujaddadi, wanda aka damƙa shi a hannunsa yana da shekara 13, ya karanta Ishiriniya da nahawu da fiƙihu a wurinsa. Ya kuma kawo Malam Muhammadu ɗan Raji, wanda suka saurari Sahihul Bukhari a wajensa, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, malaminsa na usulu.

A wannan shekara ɗin Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri, ya kawo tarihin ƙasashen Tukururu da malamansu. A 1813 kuma Malam Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa da dalilan yin su cikin Tazyinul Waraƙati. Ba don waɗannan littattafai ba, da sunayen malamai masu yawa na ƙasar Hausa sun bi iska.

Malam Abdullahi ya yi wafati a Gwandu, amma ajiyarsa tana hannunmu. Abin tambaya shi ne: mu wa zai rubuta namu? Da yawa daga muƙaddaman zawiyoyinmu sun koma ga Allah, ijazojinsu na cikin gafaka, gara da ruwa na cin su. Ya kamata kowace zawiya ta wakilta almajiri guda ya rubuta sunan shaihinta, da malamansa, da littattafan da ya karantar, tun dattawan da suka san su suna raye.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya ba mu albarkacinsu, amin.